Katin Taro Ya Kai Ni Zuru

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Birnin Kebbi, ni da wani maƙwabcina mai sayar da iri da maganin feshi. Shi kasuwar Zuru ta fito da shi. Ni kuwa, gara in faɗi gaskiya tun daga farko, hassada ce ta saka ni a mota.

Masu bibiyata sun san sana'ata: zanen allunan shaguna da rubutun bayan mota, shekara ashirin da ɗoriya. Cikin waɗanda suka koyi aiki a hannuna akwai wani Badakkare, ɗan ƙasar Zuru, da muke kira Ɗan Soja, saboda mahaifinsa tsohon saje ne. Shekara shida yana wanke mini buroshi kafin ya koma garinsu. Kwanakin baya ya kira ni, murya har rawa take don murna, wai wata mata a Legas ta ba shi aikin zanen katin taro, har ya yi wa ɗakinsa rufin kwano ya sayi babur. Lallai in zo in gani da idona. Na ce masha Allah, na kashe waya, abinci ya fita daga raina. Katin taro! Katin biki da na suna da na taron ƙungiya nawa na tsara a garin nan, amma ko keke ban sake ba?

Motar ƙaramar bas ce, mutum huɗu a kujerar mutum uku, kuɗin kuma ya kusa ninka na bara. Direba ya ce mu tambayi gidan mai, shi ba ruwansa. Mun wuce Jega gari na wayewa. A Koko muka tsaya karin kumallo, maƙwabcina ya dage sai mun sha koko don kada sunan garin ya tafi a banza. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance har mutum na iya haɗiye uku bai sani ba.

Daga nan muka karya gabas ta hanyar Mahuta. Wani wuri kwalta, wani wuri tarihin kwalta. Mun tsaya a shingen jami'an tsaro ya fi a ƙirga, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, don kowa ya san dalili. Sannu a hankali fadamun shinkafa suka ƙare, duwatsu suka fara ɗagowa, dawa ta yi tsayi har ta shanye bukkokin gona. Kafin Dabai muka ga samari a jere suna noma, fartanya na sauka lokaci guda kamar hannun mutum ɗaya. Wata tsohuwa a bayana ta ce mai yiwuwa golmo ne, noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Maƙwabcina ya ce da haka ake yi a wajenmu, da har yau shi gwauro ne.

Zuru gari ne mai rai. Babura kamar ƙudan zuma, coci nan masallaci can, shagunan Inyamurai cike da kayan gyaran babur, suna ciniki da Hausar da ta fi ta wasunmu sauri. Ni dai duk garin da na shiga, alluna nake karantawa, kuma na ji daɗin ganin munana da yawa. Sai ga allon wani shagon magani, haruffa a zaune daram, launi bai yi ihu ba. Na gane hannun Ɗan Soja tun kafin in ga sa hannun. Ni na koya masa wannan lanƙwasar, amma tasa ta fi tawa laushi, kuma abin ya ci mini rai.

A unguwar Rikoto gidansu yake. Maƙwabcina ya wuce kasuwa, Ɗan Soja ya ɗauke ni a sabon babur ɗin, ina zaune a baya ina neman aibinsa ban samu ba. An yi mini tuwon dawa da miyar kuka da kaza, kuma da yake su Kirista ne, kazar sai da ya kai wa wani Musulmi maƙwabcinsu ya yanka don in ci hankalina kwance. Mutum ya yi maka irin wannan, kai kuma kana tauna kana jin haushin rufin ɗakinsa.

Bayan azahar ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ya fara jera zane-zanen. Nan na gane kunnena ya yaudare ni. Ba katin gayyata ba ne. Wasu katuna ne na Turawa da ake rubutawa tarot, a furta taro, guda saba'in da takwas, kowane da hotonsa da ma'anarsa. Ashirin da biyu su ne manya, sauran sun kasu gida huɗu kamar karta. Matar Legas tana son a zana su da fuskoki da kayan ƙasarmu, shi ne ya mai da kofuna ƙorai, sulalla kuma kuɗin wuri.

Ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Katin Masoya, ya zana saurayi a gonar golmo, budurwa ta kawo masa ruwa. Ma'anarsa so, da kuma zaɓin da mutum zai tsaya a kai. Katin Ƙarfi, mace ce ta riƙe bakin zaki ba sanda ba wuƙa, wai haƙuri ya fi ƙwanji. Katin Hasumiya ya mai da shi rumbun da tsawa ta faɗa wa, dawa na zuba ƙasa, wato abin da ka dogara da shi ya rushe farat ɗaya. Da ya ajiye katin Mutuwa na ce a'uzubillahi. Ya yi dariya ya ce duk sabon shiga haka yake firgita, alhali ma'anarsa ƙarewar wani abu don wani ya fara, shi ya sa ya zana gonar da aka girbe. Kuma in kati ya fito a kife, ma'anar takan juya ko ta raunana.

Na tambaye shi kai tsaye, shin ba duba ake yi da su ba? Ya ce wasu na yi, wasu kuma hotunan kawai suke kallo su yi tunani a kan rayuwarsu. "Ni dai zane aka sa ni, Maigida. Gobe ta Allah ce." Ni ma ban yarda da duba ba, addinina ya hana, kuma har yanzu ina kan haka. Amma ƙarya nake in na ce addini ne ke cina a lokacin. Kyan aikin ne. Ban taɓa zana abu mai rai kamar rumbun nan ba, kuma na san ba zan zana ba.

Wayarsa ta yi ƙara, matar Legas ce, ya fita tsakar gida. Na ɗaga wani zane da ya ajiye gefe a rufe. Mutum ne da ƙunshin kaya a kan sanda, kare na binsa, ƙafarsa ɗaya a bakin dutse yana kallon sama. Hular a karkace, wushirya, fensir a bayan kunne. Ni ne. A ƙasa kuma an rubuta da fensir: WAWA.

Na mayar da zanen na rufe. Shekara shida ina ciyar da shi ilimi, sakayyar ke nan, fuskata za ta zaga duniya da sunan wawa! Ban jira ya dawo ba. Na fita ƙofar gida inda mahaifinsa ke zaune a gindin mangwaro, dattijon coci ne, mutumin da ko karta ba a bugawa a gidansa. Na tabbata shi ma katin gayyata ya ɗauka. Na san kalma ɗaya ta isa ya sa a ƙone zanen nan duka, aikin wata takwas, kuma na san abin da nake yi sarai.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, kun san mi yaron ga ka zanawa? Ba katin taron jama'a na ba. Katin duba na, irin na bokayen Turawa."

Tsohon ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam, zauna bisa benci." Na zauna. "Ranar da aiki ya zo, yaro ya zaunar da ni ya karanta mini kati ɗaya ɗaya. Na ce zane ka yi, in ka fara duba ni zan karya hannunka. Mun gama wannan magana tuntuni." Ya gyara sandarsa. "Ka ga naka?"

Na ce na gani.

"Ya ce wannan shi ne na farko, lambarsa sifiri. Mutumin da ya fita da ɗan ƙunshinsa bai ji tsoro ba, sauran kati duk bayansa suke bi. Ya ce kai ka fara shago da gwangwanin fenti biyu mutane suna maka dariya. Na ce masa Bahaushe ba zai ji wannan suna da daɗi ba, ya ce maigidansa mai fahimta ne. Da gobe zai nuna maka, a gaban 'yan'uwa."

Na miƙe zan koma ciki. Sai ya ce, "Abin da ka faɗa mini, ya tsaya nan gindin mangwaro."

Washegari aka nuna mini katin a gaban 'yan'uwa, aka tafa, na yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Ɗan Soja ya kai ni tasha, ya ɗaura mini buhun gyaɗa da doya biyar, ya hana ni biyan kuɗin kaya. A hanya maƙwabcina yana ta labarin cinikin da ya yi, ni ko ramukan Mahuta ban ji ba. Mun shigo Birnin Kebbi ana kiran la'asar.

Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ni tawa ta koya mini ma'anar katuna biyar, ta kuma nuna mini cewa mutum zai iya ɗaukar addini ya yi wa hassadarsa riga, ya je har gidan wanda ya yanka masa kaza don ya rushe shi. Baba ya cika alkawari, na sani, don jiya Ɗan Soja ya kira yana roƙo in rubuta sunayen katunan duka da hannuna, wai har yau bai kamo ni a haruffa ba. Na ce zan yi tunani. Ba zan iya karɓar aikin nan yana ɗaukata mutumin da ya zana ba, kuma bakina ya kasa faɗa masa a waya.

Na san yana karanta duk abin da na rubuta a nan. Ɗan Soja, na je wurin Baba don a ƙone maka zane. In bayan ka ji wannan kana son haruffan, ka kira ni.