Mun kwantar da Yaya Rifkatu da "sannu"

Jiya ina fitowa daga lifta a benensu na Alexandria, kular farfesu a hannuna, sai ga yayata Rifkatu tana dafa bango tana takawa a hankali. Tun bara take fama da kansar mama.

Na ce, "Haba Yaya, me ya fito da ke? Koma ki kwanta!"

Ta tsaya tana haki, ta ce, "Ke ma? Likita ya ce in riƙa ɗan tattaki kullum, zai rage mini gajiyar magani. Amma duk wanda ya zo dubiya daga coci sai ya ce kwanta. Kofi na ɗauka, a karɓe. Sai na ga ba kowa nake satar fitowa."

Sai na ce ai tausayi ne.

Ta ce, "Na sani. Amma lokacin da na ce ki raka ni ganin furanni a bakin kogi, ƙafafuna na da ƙarfi. Kika ce sai na warke. Yau ko ƙarshen barandar nan sai na huta."

Na ajiye kular a ƙasa, na ba ta kafaɗata. Farfesun ya huce a wurin.

Haka muka taso, mai jinya ba ya ɗaga ko tsinke. Amma wa ya taɓa tambayar maras lafiyarsa abin da yake so kafin ya ce masa kwanta? Ni dai ban tambaya ba.