Mai Raba Kujeru

Idan ka tambayi Malam Maiwada abin da ya tsinana a shekara talatin da biyar na aikin ƙaramar hukuma, ba zai ce maka hanya ko rijiya ba. Dariya zai yi ya ce, "Kujeru na jera." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya fara da akawu a Makarfi, aka cilla shi Kudan, ya ƙare a Ikara yana daraktan mulki, amma baiwarsa ɗaya ce: a kowane taro ya san wanda zai zauna gaba da wanda zai zauna baya. Ciyaman a tsakiya, hakimi a damansa, liman da fasto kafaɗa da kafaɗa don kada wani ya ce an fifita wani. Ciyamomi tara suka zo suka wuce, shi yana nan da biro a bayan kunne.

Mahaifiyarsa, Inna Mukarrama, ba ta taɓa taka ofishinsa ba. Tana can ƙauyensu Malikanchi tana gaya wa maƙwabta cewa ɗanta shi ne gwamnati. Saboda haka da za a yi masa walimar ritaya, ya aika mota ta ɗauko ta. Burinsa ɗaya: ta gan shi, ko sau ɗaya, a hakimce kan kujera mai laushi a sahun gaba.

Ma'aikata suka ce ya huta, su za su tsara zaman. Ina! Ya fizge takardar tsarin zaman. "Ku ɗora dagaci gaban hakimi ku jawo mana rigima?" Ya rubuta sunaye arba'in, ya manna wa kowace kujera nata. Sai dai hannun da bai taɓa rubuta sunan mai shi a irin wannan takarda ba, ranar ma bai rubuta ba.

Sai da ya zaunar da baƙo na ƙarshe ya waiga, ya ga rumfa ta cika maƙil. Ilisha, mai gabatar da taro, ya raɗa masa, "Yallaɓai, bari in tayar da kansila ɗaya."

"Kul! Ka ɓata mini tsari?"

Haka aka yi ta zuba masa yabo yana tsaye a bakin rumfa, babbar riga ta sha guga, gumi na bin wuyansa. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Inna kuwa tana gefe kan tabarma cikin mata. Ta yafito shi, ya je ya durƙusa.

"Dama duk shekarun nan a tsaye kake?"

"Haka aikin yake, Inna."

Ta dube shi. Sannan ta matsa, ta kakkaɓe gefen tabarmar da bakin mayafinta.

"To ya isa haka. Zo ka zauna."

Ya cire takalmi ya zauna, ya sunkuyar da kai don kada matan su ga idonsa.