Sa Hannun Lado Magini

Lado magini ne ɗan magini, haifaffen garinmu tun ana kiransa Abuja, kafin gwamnati ta ɗauke sunan ta kai wa sabon birninta, mu kuma muka koma Suleja. Gajere ne kakkaura, mai son raha, ga shi ko allura ba ya saye sai ya juya ta gaba da baya. Duk ɗakin da ya gina, kafin yaɓe ya bushe sai ya sa yatsa a saman ƙofa ya ja wani ɗan zane, layi biyu sarƙe da juna da ɗigo a tsakiya. Wurin mahaifinsa ya gaje shi. Matarsa Asama'u takan ce ko malmalar tuwo aka bar shi da ita sai ya zana mata.

Da aikin sabon birni ya kankama, wani ɗan kwangila ya ba shi ginin ajujuwa a Sabon Wuse, aikin da bai taɓa samun kamarsa ba. Amma fa da sharaɗi: da cak ake biya, wanda ba shi da asusu a banki sai ya kama gabansa.

Lado ya tafi sabon bankin da ke kusa da kasuwa, ya zauna gaban wani akawu mai suna Yohanna, ya hana shi sakat da tambayoyi. Yohanna ya ce asusu iri biyu ne. Na ajiya dangwala yatsa ya isa, har banki ya riƙa ƙara maka kuɗin ruwa, sai dai cak ba ya shiga cikinsa. Ɗayan kuwa na cak ne, ba a ƙara maka komai, su ne ma za su ɗan yanka, kuma dole sai da sa hannu.

"Ruwa kuma? Allah ya kiyaye," in ji Lado. "Ba ni wanda ake yankan, na fi samun barci."

Zaɓi dai ya yi masa daɗi, saura sa hannu, ga shi bai taɓa riƙe biro ba. Ya roƙi maƙwabcinsa Malam Markus, malamin firamare, ya koya masa rubuta sunansa da boko. Ya yi ta fama yana gumi, Asama'u tana leƙe tana dariya. Ranar da ya koma banki ya rubuta sunan sau uku a gaban Yohanna, wani ya kwanta, wani ya miƙe, wani kamar kaza ta yi tono.

Yohanna ya girgiza kai. "Baba, ba kyau ake nema ba. Abin da ka yi yau, gobe ma ya fito haka. Waɗannan manaja ba zai karɓa ba."

Lado ya ga aikin Sabon Wuse yana shirin kuɓuce masa. Biro kuwa yana hannunsa. Bai ma san lokacin da hannun ya kama abin da ya saba a gefen takarda ba.

Yohanna ya leƙo. "Wannan ai shi ne a saman ƙofar gidan da nake haya."

"Ni na gina shi, ɗana."

"To, sake yi in gani."

Ya sake, ya kuma sakewa, ko ɗigon bai gusa ba. Yohanna ya shiga da takardar wurin manaja, ya fito yana murmushi.

Lado ya gina ajujuwansa, wasu ayyukan suka biyo baya, gida ya wadata. Sai dai zamani ya koma bulo da siminti da fenti, ba mai son zane a saman ƙofa kuma. Wannan ya ɗan sosa masa rai, bai ɓoye ba. Amma duk ranar zuwa banki sai ya yi wanka ya sa babbar riga, yana fara'a kamar mai zuwa suna.

Wata rana Asama'u ta tsokane shi. "Malam, wai wa kake wa ado a bankin nan?"

Ya gyara hula ya ce, "Can ne kaɗai ya rage inda ake ce mini in yi zanen babana."