Furaji Zarka, Mutum na Goma

Furaji Zarka yana da shekara goma sha bakwai ya daina shiga majami'a, kuma ya yi shekara hamsin da uku bai saɓa ba. A duk Yahudawan garin Susa da wuya a sami wanda ya riƙe ibada da irin naciyar da ya riƙe rashinta.

Ubansa tela ne a tsohon gari, mai ɗinka wa jami'an Faransa kwat yana zaginsu a cikin ciki. Furaji ya fito da zagin fili. Ya shiga jam'iyyar kwaminis, ya raba takardu a bakin tashar jiragen ruwa, ya sha kulki gwargwado. A 1937 ya ce wa gida zai je Marseille neman aiki, daga can ya haura duwatsu da ƙafa ya shiga Sifaniya, don ya yaƙi 'yan fasist a madadin mutanen da bai iya yarensu ba. Ya bar yatsu biyu na hannun hagu a bakin wani kogi, tare da jin kunne ɗaya. Aka ci su da yaƙi. Da ya dawo, yayarsa Mezyana ta juya hannun ta duba, ta ce, "To, aikin Marseille ke nan?" Ta zuba masa kuskus.

Bayan babban yaƙi ya koma karatu a makare, ya zama malamin lissafi, har ya kai farfesa a babban birni. Ya rubuta littafi biyu waɗanda aka yaba ƙwarai, wasu ma sun karanta. A tsakanin nan mutanensa suka yi ta tafiya, wasu Faransa, wasu Isra'ila, kowane rikici da nasa jirgin. Matarsa, Bafaranshiya 'yar jam'iyya, ta ɗauki 'yarsu ta koma Lyon, ta ce sai ya biyo su. Ya ce nan ce ƙasarsa, shi ya yi mata zaman kurkuku tun ba ta da tuta. Aka haramta jam'iyyar. Abokan aiki suka ci gaba da gaishe shi da mutunci a bakin aji, sai dai gayyatar cin abinci ta riƙa ɓacewa a hanya. Da ya yi ritaya ya tattara littattafansa ya koma Susa wurin Mezyana, wadda mijinta ya rasu ba su haihu ba.

Zamansu na shekara biyar ya tsaya ne a kan makunnin lantarki. Ɗakin Mezyana ba shi da taga, kuma ba ta iya barci da fitila, don haka takan kashe tun kafin faɗuwar ranar Juma'a. Ranar Asabar kuwa haramun ne ta kunna, haramun ne ta sa wani Bayahude ya kunna mata. Sai ta yi ta lalube tana neman tabarau, tana ture kwalaben magani. Furaji yakan shigo da jarida a hammata, ya danna makunnin.

"Na kunna ne don in nuna miki sama ba za ta faɗo ba," in ji shi.

"Allah ya shirye ka, kafirin gidanmu. Wa ya aike ka?"

"Kimiyya, Yaya."

"Kimiyyar da ta cinye maka yatsu. Matsa, ka tare min haske."

Haka kowace Asabar, kalma ba ta canjawa.

Akwai kuma Bishi Gez, mai riƙon mabuɗin majami'a, wanda suka zauna benci ɗaya da Furaji a makarantar firamare. Tun da malamin addini na ƙarshe ya tafi, shi ke jan ibada. Dokar kuwa sananniya ce: ba a yin addu'ar jam'i sai da maza goma. Da bazara ana samu, idan 'yan gari da suka yi hijira suka zo hutu. Da sanyi kuwa tsofaffi tara ne. Duk safiyar Asabar Bishi yakan tsaya a ƙarƙashin tagar Furaji.

"Kwamared, mutum ɗaya muka rasa."

"Ai ka san ban yarda da komai ba."

"Wa ya tambaye ka? Ba imaninka muke so ba, gangar jikinka muke so. Ka zo da jaridarka ma."

"Ka sake ƙirgawa, Bishi. Tun muna yara ba ka iya ba."

"Tara ne, Farfesa. Wannan lissafin ko ni na iya."

Furaji yakan juya masa kunnen da ba ya ji. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma a duk ƙasar Bishi ne kaɗai ya rage da ke zuwa nemansa don ana buƙatarsa, kuma yakan tashi da wuri ranar Asabar don kada damar ƙin zuwa ta wuce shi.

A watan Janairu na 1985 Mezyana ta kwanta. Kwana biyu kafin ta cika ta riƙe hannunsa, na hagun, ta ce, "Ba ni da ɗa, ba ni da miji. Kai za ka yi min kadish." Wato addu'ar da ɗan'uwan mamaci ke miƙewa ya karanta a gaban mutum goma.

"Yaya, kin san..."

"Na sani. Ka yi wa Sifaniyawa abin da ba su roƙe ka ba. Ni roƙonka nake yi."

Ranar jana'iza ya sa kwat ɗinsa ta aji, ya ari 'yar hula wurin Bishi, ya tafi maƙabarta da jin cewa yau zai ba da wani babban abu da ya daɗe yana hanawa. Aka binne ta. Bishi ya waiga ya bi mutanen da ido, leɓensa na motsi, sannan ya sake bi.

"Tara," ya ce.

"Ka sa ni a ciki?"

"Da kai ne tara. Shalom mahauci ɗansa ya zo ya ɗauke shi ran Lahadi. Yana Paris."

Furaji ya duba bakin ƙofa, inda Si Hadi mai kanti ke tsaye da maƙwabta. "Ga Si Hadi can. Shekara arba'in yana kawo mata burodi."

"Musulmi ne, Furaji."

"To matan nan huɗu fa?"

"Nan ba taron jam'iyya ba ne. Ba ni na kafa dokar ba, kuma ba a jefa ƙuri'a."

"Wace irin doka ce za ta hana tsohuwa addu'a don mahauci ya hau jirgi?"

Bishi bai ɗaga murya ba. "Shekara biyar muna komawa gida ba mu yi wa iyayenmu ba, don wani farfesa na karatun jarida. Ba wanda ya zo ya yi maka ihu." Ya gyara hularsa. "Akwai wa'adin wata goma sha ɗaya. In muka cika goma a ciki, ka yi mata."

Daga ranar Furaji ya fara zuwa majami'a. Yakan zauna a bencin baya da jaridarsa, yana fuskantar ƙofa. Ba ya buɗe littafi, ba ya cewa amin. Su tara sukan jira rabin sa'a, kowa ya yi tasa addu'ar shi kaɗai, a watse. Ya rubuta wa tsofaffin 'yan jam'iyya biyu a babban birni waɗanda iyayensu Yahudawa ne. Ɗaya ya amsa da shafi huɗu kan addini da yaudarar talakawa, da salon da Furaji ya gane, don shi ya koya masa. Ɗayan ya riga ya mutu. A watan Afrilu wani tsoho cikin taran ya bi shi, suka koma takwas. Furaji bai buƙaci alli ba kafin ya ga inda lissafin ya dosa.

Da Yuli ya kama, masu hutu suka cika otal-otal na bakin teku, amma na bana 'ya'ya ne da jikoki, ruwa suka zo, ba majami'a ba. Ranar Juma'a da hantsi Furaji ya je ya tsaya a ƙofar wani otal cikin kwat, kamar yadda ya taɓa tsayawa a tashar jiragen ruwa da takardu. Yakan karkata kunnensa mai ji, yana sauraron Faransanci mai ƙanshin Susa. Mutum na farko ya zaci ɗan jagora ne, ya kore shi da hannu. Na biyu ya ce shi bai yarda da waɗannan abubuwa ba.

"Ni ma haka," in ji Furaji. "Ba imaninka nake so ba. Bakwai da rabi."

Washegari biyu suka zo, wani likitan haƙori da surukinsa, cikin gajeren wando, da yashi a ƙafa. Bishi ya bi su da ido sau biyu, ya yi wa Furaji alama da haɓa. Furaji ya miƙe. Ya zo da kalmomin a rubuce da baƙaƙen boko a aljihu, amma bai ciro ba. Bakinsa ya riƙe su tun jana'izar kakansa, ba tare da ya nemi izininsa ba. Bai kai minti biyu ba. Mutum tara suka ce amin, likitan ya duba agogo.

A bakin ƙofa Furaji ya miƙa wa Bishi hularsa.

"Riƙe ta," in ji Bishi. "Sati mai zuwa."

"Na gama abin da ya kawo ni."

"Na sani. Bakwai da rabi, Kwamared."

Furaji ya cusa hular a aljihu ya bi inuwar ganuwa zuwa gida. Rana ta take, amma ɗakin Mezyana duhu ne kamar kullum. Ya tsaya a bakin ƙofa da jarida a hammata, ya danna makunnin. Tabaraunta na nan kan tebur tsakanin kwalaben magani. Ya ɗan jira, ya juyo kunnensa mai ji wajen gadon, sannan ya matsa gefe ya bar hasken ya shiga.