Nababa da Rantsuwar da Ya Karya

Da an sallame asuba za ka iske Nababa kwance ƙarƙashin wata mota a bakin tashar Anka, ƙafafunsa kaɗai ke waje. Shekara talatin da biyu ke nan. Rabin gari sun fi sanin tafin ƙafarsa a kan fuskarsa. Yanzu hasken walda ya cinye masa idanu, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni iyakar ilimina na mota shi ne turawa. Nababa ne ya fahimtar da ni cewa tsakanin tayoyin baya akwai wata tukunyar ƙarfe, difaransha, mai barin taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta gudu a kwana. A kwalta alheri ce. A laka kuwa sai ta miƙa duk ƙarfin ga tayar da ke santsi, mota ta kafe. In aka ɗaure cikinta da walda, tayoyin su juya tare: laka ba ta riƙe mota, amma a kwana bayanta kan fizge.

Wannan fizgar ce samari masu wasan mota ke so ranar biki. Sau ɗaya ya ɗaure wa wani. A Gummi bayan motar ya kwashe wani mai tallan kifi, bai shura ba. Nababa ya rantse da Allah ba ya ƙarawa.

Daminar 2010, gubar dalma na kashe yara a ƙauyen Dareta, Tasi'u direban a-kori-kura ya zo masa da laka har gwiwa. Ya ce jiya ya kafe a hanyar asibiti da yara uku, biyu suka cika a cikin motar.

"Baba, yau ɗiyar maƙwabciyata Hure ce ke jijjiga. Ɗaure min motar ga."

"Na rantse, Tasi'u."

"To rantsuwar taka ta taho ta tura mu."

Nababa ya jawo wayar walda. "In ka hau kwalta ka tahi a hankali. Ka yi wasa da ita, ni da kai har lahira."

Safa, ɗiyar Hure, ta isa asibiti da rai. Har yau maganarta da nauyi, amma tana yi.

Ba shi da abin ciyar da miskinai goma, sai ya yi kaffara da azumi uku. Malamai suka ce ya isa. Shi kuwa kowace mota sai ya sake uku. Mota bakwai masu kai yara asibiti ya ɗaure a daminar nan, da rani ya bi su ɗaya-ɗaya ya sauya tukwanen, kada su faɗa hannun samari.

Kai ne, Nababa, ka san ranar riƙe rantsuwa, ka san ranar biyan ta. Mun gode, Allah ya saka. Makanikai masu sifana a hannu, ku koya. Mu kuma masu turawa, ko gaishe shi mu je mu yi. Ba zai gan mu ba, amma muryar Safa daga nesa yake gane ta.