Motar Baba Tana Jan Hagu

Motar Baba ta girme aurena, ta girme garajina. A hannun wani Bature ya saye ta, lokacin da suke tattara komatsansu bayan an ba ƙasa 'yanci, irin motar nan mai jikin kwano da ake loda mutane da kaya ciki. Da ita yake jigila tsakanin Sokode da Dapaong. Ya hau arewa da goro da gishiri da dillalan shanu, ya sauko da albasa da zabi da mahautan da suka je sayen dabba. Duk tasha an san dokarsa guda ɗaya: ba mai zama a kujerarsa, ba mai taɓa sitiyarinsa, ko da wanki ake yi mata.

Ni kuwa ɗan fari ne, wanda ya tashi a gidajenmu na unguwar Komah ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya kallon fuskata, ni ma ba na ɗaga kai in kalli tasa, ba ma cin abinci a kwano ɗaya. Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta yaye ni ta raine ni, ita ce kuma 'yar aikenmu. Ina da mata da 'ya'ya uku, na fi shekara goma ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, amma in Baba na son a ɗaure masa noti guda sai ya ce da Gwaggo a gaya wa mai garaji.

Haka ta zo mini wata safiya, ta tsaya nesa da baƙin mai tana tattare zanenta. Wai mota ta karkata hagu, kuma a kan hanya tana fizgar hagu. Hagu kuwa nan ne hannun manyan motocin da ke saukowa daga kan iyaka, waɗanda ba su san birki ba sai sun ga gari.

Baba ya kawo ta da kansa, ya kashe, ya sa makulli a aljihu ya wuce masallaci. Na yi abin da maigidana ya koya mini: na cika tasa da ruwa na ajiye a tsakiyar motar, a kan daɓen siminti mai daidai. Ruwa ya kwanta gefen hagu har yana neman zuba. Na shiga ƙarƙashi, ga lam na baya, wato faifan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, biyu sun karye. Na ce alhamdu lillahi, ciwon da ake gani da ido ai da sauƙi. Na canja su, na sake ajiye tasa, ruwa ya tsaya cak. Har na yi wa Gwaggo cika baki, na ce ta gaya masa mota ta koma budurwa.

Zuwa ɗaya ya yi ya dawo, sai ga Gwaggo. Ta ce budurwar tawa dai tana nan tana jan hagu.

Daga nan na shiga uku. Na juya tayoyi, na hagu suka koma dama. Na auna iska. Na ɗaura igiya daga taya zuwa taya don in ga ko ƙafafun sun kauce wa juna, ba su kauce ba. Na hau kowane kusurwa na danna da ƙarfina in ji ko amortisa, wato abin da ke shanye girgizar mota, ta mutu, na canja ɗaya da ba ta yi mini laifin komai ba. Robobin da suka cinye na yanka sababbi daga tsohuwar taya. Duk dawowa, ga Gwaggo a bakin garaji da saƙo iri ɗaya, har na tsani ganin mayafinta daga nesa. Rannan ta ƙaro da cewa wai ya ce an fi jin abin in ya canja giya. Na ce madalla, ashe ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya ne ke motsi. Na ɗaure notinsa har sifana ta goge mini fatar hannu. Ba abin da ya canja.

Kowane makanike ya sani, ba a gane ciwon mota sai an ja ta. Na roƙi Gwaggo ta nema mini izini, ko daga garaji zuwa kasuwa ne. Ta harare ni, ta ce in ina neman wanda zai ja mini tsinuwa in nemi wani, ita ba za ta kai wannan magana ba. Na ce to a gyara ta da duba ne, ko da turare? Ta ce wannan ni ya dama, ni na ce na iya.

Ana haka wani dillalin shanu ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya ja ni gefe. Ya ce kusa da Bombouaka saura ƙiris su shige ƙarƙashin babbar mota, mutum goma sha a ciki, har da mai goyo. Ya ce shi dai ya gama shiga motar tsoho sai an gyara, kuma kunya ce a ce ɗan mai mota makanike ne. Na koma garaji na zauna a kan taya ina kallon hannuwana. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai, cewa wata rana za a aiko a ce Baba ya mutu da mutane a hanya, kuma rashin iyawata ne ya kashe su.

Tun da ba a ba ni sitiyari, na ce bari in bi ta a matsayin fasinja. Na ƙirƙiro gaisuwar wani suruki a Dapaong. Na zauna gaba ta bakin ƙofa, wani mahauci mai ƙiba a tsakanina da Baba. Tun daga Sokode na kasa kunne, na dafa ƙasa da tafin ƙafa ina sauraren ƙarfe. Muka hau duwatsu muka sauka, muka wuce shingen soja ban san iyaka ba, zamanin nan ne da kowace gada da mai bindigarta. Motar tana fizga, tabbas, amma ƙarƙashinta shiru, ba ƙara ba girgiza.

Sai bayan Mango, da muka tashi daga wani shinge, na ce bari in kalli hannunsa a kan giya don in kama daidai lokacin da take ja. A nan idona ya sauka inda bai taɓa sauka ba. Hannun rigarsa ya zame. Hannunsa na hagu yana kan sitiyari, amma ba riƙe yake ba, rataye yake, yatsun a lanƙwashe kamar ƙugiya. Da ya saki na dama ya kai ga giya, sai nauyin na hagun ya ja sitiyari ƙasa, mota ta yi hagu, ya yi maza ya dawo ya cafke. Giya ta biyu haka, ta uku haka. Kafaɗarsa ma ta wannan gefen ta sauka, shi kansa a karkace yake zaune.

Wata nawa ke nan da hannun ya shanye? Allah kaɗai ya sani. Hannun hagu ne, ba a ci da shi, ba a gaisawa da shi, ba a miƙa wa mutum abu da shi, babbar riga kuma ta rufe sauran. Wani ɗan da ke zama gaban ubansa su yi hira da ya gani tun makon farko. Ni na yi wata uku ina kallon ƙarƙashin mota, ban kalli mai motar ba sau ɗaya.

Da muka isa Dapaong aka sauke kaya, la'asar ta yi. Mutane suka yi layi bakin rijiyar mai masaukinmu, Baba kuwa ya ɗauki buta ya zaga bayan mota. Na bi shi ban san dalili ba. Na same shi a tsugune, ya matse buta tsakanin gwiwoyinsa yana karkato ta, ruwa na zuba rabi a hannu rabi a ƙasa. Taku uku ne tsakaninmu. Na kasa ƙarasawa in riƙe masa, na kasa komawa. Ya ga inuwata, bai ɗago ba, ni ma na sunkuyar da kai na juya.

Me zan yi? In faɗa wa fasinjoji, na tona asirin ubana a tasha. In cire wani abu a inji don ta ƙi tashi, mutumin da ya san motarsa kamar yunwar cikinsa zai gane kafin ya rufe bonet. In yi shiru, gobe mutum goma sha za su sake shiga. Bakina kuma bai san yadda ake fara magana da shi ba, ba a koya masa ba.

Da safe muka kamo hanyar gida. Ina kallon kowace babbar mota tun tana ɗigo a nesa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Dab da Bombouaka sai ya gangara gefen hanya, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya. Ya sauka, ya zagayo ta gaban mota a hankali, ya tsaya bakin ƙofata. Ya yi wa mahaucin magana, ba ni ba. Ya ce a gaya wa mai garaji ya ja ta da kansa ya ji abin da ake faɗa masa, tun da kunnensa bai ji ba.

Ya shiga ya zauna a wurina, ni kuma na zauna a kujerar da ban taɓa zama ba. Ta lotsa ta gefen hagu, daidai jikinsa. Na ta da mota, na sa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Na sassauta hannuwana a kan sitiyari don in gani. Ta miƙe sambal, ko gezau. Ban taɓa gyara mota ta yi lafiya kamar wannan ba, ban kuma taɓa baƙin cikin aikina kamar ranar ba.

Da muka yi nisa sai na ji muryarsa ta tsallake mahaucin ta zo gare ni kai tsaye, karo na farko tun da aka haife ni.

"Ka ji tana ja?"

Idona na kan hanya. Mutanen baya duk sun kasa kunne suna jira.

"Na ji, Baba. Tana ja sosai. Ta fi ƙarfina."

Ya ce, "To, a ajiye ta."

Aka ajiye ta a ƙofar gida a Komah, makullin na aljihunsa. Ban sake jan ta ba, ai na riga na faɗa gaban mutane cewa ba ta da lafiya. A tasha aka yi ta cewa makanike ya kasa gyara motar ubansa, wasu masu motoci suka ɗauke ƙafa daga garajina, Gwaggo ma ta yi mini gorin har ta gaji. Ban taɓa musa wa kowa ba. Shi kuma bai sake yi mini magana kai tsaye ba har ya rasu.