Bangon Sumul

Sumul ake ce masa, saboda in ya yaɓe bango ko ƙuda sai ya zame. Magini ne tun yana saurayi, kuma rabin gidajen layinsu hannunsa ne. Mutum ne mai son a yaba masa, wannan kam ba zan ɓoye ba. In ka ce aikinsa ya yi kyau, zai yi kamar bai ji ba, amma ranar har kasuwa sai an ga haƙoransa.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa a rayuwarsa: bangon ɗakin matarsa. Shekarar da suka tare ya tsage, tun daga ƙasa har zuwa lintar da ta ɗauki rufin. Ya cike, ya shafe. Da shekara ta zagayo, tsagar ta dawo. Magini guda, a ce bangon gidansa ya tsage? Tela maƙwabcinsa, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ai da ya samu abin yi har tsufansa. Don haka Sumul ya mai da abin al'ada: duk shekara ya kwaɓa siminti a bayan gida, ya cike, ya yi fenti, ba wanda ya sani. Yara suka girma suka watse, ciwo ya shanye wa matar ɓarin jiki ta koma kwance a ɗakin, shi kuwa yana nan yana cike tsaga.

Wata safiya wata ma'aikaciya daga ofishin binciken ƙasa ta shigo layin da gwangwanin jan fenti. Mutane suka taru. Ta nuna musu lambatun bakin titi, inda ya goce kamar an yanka shi an tura rabi gefe. Ta nuna ƙofar Tela da ta daina rufuwa.

"Ƙasar da muke takawa ba dunƙule take ba," in ji ta. "Manyan farantai ne, suna tafiya a hankali, kamar yadda farce ke tsiro. Nahiyoyin duniya ma a haɗe suke a da, tun kafin a yi mutum, a haka suka rabu. Layinku yana kan wata tsaga ta ƙarƙashin ƙasa. Wannan gefen yana yin gaba, wancan yana yin baya."

"To mu ina za mu?" in ji Tela. Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Ta ce duk gidan da tsagar ta ratsa za ta sa masa jan fenti, a fitar da mutane daga ɗakin da abin ya shafa. Ta bi gida gida. Da ta zo na Sumul ta shiga, ta duba bango ciki da waje, ta shafa da tafin hannu. Ko tsaga kamar silin gashi babu.

"Ikon Allah," ta ce. "Tsagar ta ratsa na hagu, ta ratsa na dama, ta bar naka. Watakila ta bayan gida ta lanƙwasa."

"Ai aikin Sumul ne!" Tela ya ɗaga murya. "Ko ƙasa tana jin kunyarsa."

Yabon da ya yi shekaru yana jira daga bakin Tela ke nan, ga shi a gaban jama'a. Amma bai ji daɗinsa ba. Shi kaɗai ya san cewa a bara sai da ya cusa gutsattsarin bulo kafin siminti ya kama. Shi kaɗai ya san lintar nan a kan bangon take zaune, bangon kuma tafiya yake yi. Gadon matarsa yana daidai ƙarƙashinta.

Ma'aikaciyar ta ɗauki gwangwaninta ta nufi ƙofa. Sumul ya bi ta da ido. Ta taka dakali, ta sauka titi. Ya ji kunya da tsoro suna kokawa a ƙirjinsa, kuma wallahi da farko kunyar ce ke kan gaba.

"'Yata," ya ce. "Dawo."

Ya kira Tela da wani maƙwabci, suka ɗauko matar da katifarta suka shimfiɗe ta a tsakar gida. Sannan ya ɗauko guduma. Bugun farko fenti ya zube. Na biyu yaɓen bara ya faɗo, a bayansa na bara waccan, a bayansa wani, kowanne da launin simintinsa, har aka kai ga na farko, na zamanin da hannunsa bai gama nuna ba. Da ya zare gutsattsarin bulon, hannunsa ya shige ramin har gwiwa.

Ma'aikaciyar ta haska sama da fitilar wayarta, ta ja da baya da sauri.

"Kowa ya fita. Yanzu!"

Abin da ya rage na lintar a kan bango bai fi faɗin yatsu biyu ba. Yashi yana zubowa daga wurin a hankali, a kan gadon da aka ɗauke matar daga kai.

Duk suka fito tsakar gida. Sumul ya tsuguna da gudumarsa, ya kasa ɗaga kai.

"Baba," in ji ma'aikaciyar, "ko da ƙarfe ka gina shi sai ya tsage. Ba aikinka ba ne, ƙasa ce."

Matarsa ce ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama bakin rigarsa.

"Malam, ka ji ko?" ta ce, da harshenta mai nauyi. "Ni tun da na kwanta nake kallon yashin nan yana zubo mini a zane. Na yi shiru ne kada ka ce aikinka na raina."